Wa Ya Kira Taron Nan?

Bahaushe ba ya rasa sunan da zai kira yawa da shi. Hatsin da aka yanke aka ɗaure dami ne, albasar da aka zuba a bakin garka tsibi ce, shanu garke, raƙuman fatake ayari. Tsuntsaye idan sun rufe bishiya sai a ce sun yi cincirindo, mutane idan sun cika fili a ce sun yi dandazo, idan kuma suna ta kwararowa ba yankewa a ce suna tururuwa. Amma a ƙarƙashin duk wannan arziki akwai kalmomi biyu 'yan ciki ɗaya da suka raba duniya tsakaninsu, tari da taro. Tari na abin da ba shi da ƙafa ne, sai an ɗauko shi an ajiye. Taro na mai ƙafa ne, wanda ya ji kira ya taso da kansa.

Wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza, ya wuce Keita, zai ga misalin duka biyun a jikin tuddan Adar. Layukan duwatsu ne aka jera suna bin kwanciyar ƙasa, don su tare ruwan sama kada ya kwashe ƙasar noma ya zuba a korama. Da yawansu aikin shirin raya karkara na Keita ne, wanda gwamnatin Nijar da ta Italiya suka soma a 1984 tare da hukumar FAO, a tsakiyar farin da ya gigita Sahel a shekarar. Mafi yawan masu aikin mata ne. A ka suka riƙa ɗauko duwatsun, ladan kuwa abinci ne daga hukumar abinci ta duniya, PAM. Dutsen Adar bai taɓa matsawa ko taku ɗaya don ya kusanci ɗan'uwansa ba, hannu ne ya tara shi. Matan da suka tara shi kuwa sun san abin da ya fito da su daga gida, sun san wanda ya kira, sun san lokacin tashi. Ga tari, ga taro, kowanne da mai shi.

Fi'ilin da ya haifi kalmomin yana da wata siga da ta fi su wayo. Idan na ce "ya tara", dole in faɗi wanda ya tara da abin da ya tara. Idan na ce "sun taru", magana ta cika ba tare da na tuhumi kowa ba. Ruwa ya taru a tafki, ƙura ta taru a kan tabarma, bashi ya taru, yara sun taru a ƙofar gida. Harshen ya bar gurbin mai aikatawa a buɗe, mu ne ba ma iya barinsa haka. Da mun ji an taru sai mu tambaya: lafiya? Biki ne ko rasuwa, rabo ake ko faɗa ya kaure? Mun taso da cewa ruwa ba ya tsami banza, don haka kowane taro sai mun nemo masa dalili, ko so, ko tsoro, ko umarnin wani babba.

Akwai kalma ta uku da ba mu cika ba ta daraja ba, wato cunkoso. Ku tsaya a wani lungun kasuwar Madawa lokacin da albasar kwarin Tarka ta fito. Amalanken jaki ɗauke da buhuna ya shigo daga gabas, wani ya shigo daga yamma, suka yi gaba da gaba a inda hanya ta tsuke. "Gafara dai, Malam!" "A'a, ɗan'uwa, kai za ka ja baya, ka ga ni da kaya." Juya jaki da amalanke ba aikin ƙiftawar ido ba ne. Kafin ɗayansu ya samu ya karkata, ɗan kabu-kabu ya iso ya dafa ƙafa a ƙasa, wata Inna mai tallan fura ta tsaya a bayansa tana kare ƙwaryarta da gwiwar hannu, mai jan rago ya zo ragon ya turje. Kowane sabon zuwa ya toshe wa na gabansa hanyar ja da baya. Taku goma daga wurin hanya fetal take, ba kowa. Cikin waɗannan mutane babu wanda ya zo don wani, babu wanda yake son tsayuwa, babu wanda aka kira. Kowa gaba yake son yi, kuma son yin gaban ne ya ƙulle su.

Abin da ya faru a lungun nan shi ne abin da wani reshe na kimiyyar fizik ya shafe shekaru yana nazari, reshen da ke duba halin abubuwa masu tuƙa kansu. Tsohuwar fizik ta saba da ƙwayoyin da ake turawa. A 1827 masanin tsirrai Robert Brown ya ga ƙananan ɓarɓashi na ta rawa a cikin ruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma a 1905 Einstein ya bayyana cewa ƙwayoyin ruwan ne ke dukan irin wannan ɓarɓashi ta kowace fuska. Ƙwayoyi irin waɗannan ba su da alƙibla. Idan ka gan su sun dunƙule alhali ga fili, to akwai wani ƙarfi da ke jan su zuwa juna. Ba jan juna, ba dunƙulewa, sai su bazu daidai wa daida a duk inda aka sa su. Amma ƙwayar bakteriya, da tsuntsu, da tunkiya, da mutum, kowanne yana ci, yana ƙona abin da ya ci, yana tura kansa gaba. Bakteriyar hanji da ake kira E. coli takan miƙe tana iyo kamar na daƙiƙa ɗaya, ta yi 'yar wuntsila, ta fuskanci wani gefen ta sake miƙewa. Tana da gaba, tana da baya, kuma ba ta saurin sauya ra'ayi.

A 1995 Tamás Vicsek, na wata jami'a a Budapest ta ƙasar Hangare, da abokan aikinsa suka zuba ɗigogi a kwamfuta suka ba su doka guda: kowane ɗigo ya yi tafiya da saurinsa, ya kuma daidaita fuskarsa da ta maƙwabtansa, tare da ɗan kuskure. Da ɗigogin suka yi yawa, kuskuren kuma ya ragu, sai gaba ɗaya suka ɗauki hanya ɗaya ba tare da jagora ba. Wannan ya girgiza masana, amma har yanzu akwai kwaikwayo a ciki, kowa na duban na kusa da shi. A 2008 Julien Tailleur da Michael Cates, a jami'ar Edinbara, suka cire har kwaikwayon. Hujjarsu gaɓa biyu ce. Masu tafiya suna yin yawa a inda tafiya ta yi nawa, domin a nan suke daɗewa. Tafiya kuma tana yin nawa a inda masu tafiya suka yi yawa, domin suna tare wa juna hanya. Kowace gaɓa tana ciyar da 'yar'uwarta. Da zarar wani wuri ya ɗan fi sauran cika, ko da bisa tsautsayi ne, sai ya ci gaba da cika, har fili ya rabu gida biyu: curi mai kauri a nan, sarari mai 'yan tsirarun masu yawo a can.

Yaouen Fily da Cristina Marchetti sun gwada haka a kwamfuta a 2012 a jami'ar Syracuse ta Amurka, da ƙwayoyi masu turin juna kawai, babu ko ɗigon ja a tsakaninsu. Ƙwayoyin sun soma curewa tun suna cike da kusan kashi 40 cikin 100 na filin, wato fiye da rabin wurin a buɗe yake. A 2013 aka ga abin da ido. A birnin Stuttgart na Jamus, a ɗakin binciken Clemens Bechinger, an ɗauki ƙananan ƙwallaye da kaurin gashin kai ya ninka su sau da yawa, aka shafe rabin kowanne da gawayi. Idan aka haska su, ɓangaren baƙin ya ɗumama, ƙwallon ya riƙa tafiya da kansa. Suka yi ta karo, suna curewa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bakin curin. Ƙwallayen da ke gefe duk ciki suke fuskanta, suna dannawa. Ba manne suke ba, turi suke yi. Wanda ya samu fuskarsa ta juya waje, nan take yake ficewa ya kama gabansa, wani kuma daga sarari ya zo ya yi karo ya maye gurbinsa. Curin yana nan, amma mutanen cikinsa, idan an yarda in kira su haka, ba su ne na ɗazu ba. Girmansa kuwa lissafi ne tsakanin abu biyu, saurin isowar sabbi da jinkirin juyawar na gefe. Shi ya sa da aka ƙara haske ƙwallayen suka ƙara gudu, curin bai fashe ba, girma ya ƙara. Kakanninmu da suka ce sauri kan haifi nawa ba su da madubin ƙara girma, amma sun faɗi dokar daidai.

A 2013 ɗin dai, Jérémie Palacci da abokansa a jami'ar New York suka haɗa wasu ƙwayoyi masu ɗauke da ɗan guntun tama, suka zuba su a ruwan sinadari. Idan an kunna shuɗin haske sai su tashi, su jeru reras, jerin ya fashe ya sake haɗuwa. Idan an kashe sai su watse. A nasu gwajin akwai ɗan ja da sinadarin ke haifarwa, ba turi zalla ba ne. Sun raɗa wa abin suna lu'ulu'u mai rai, kuma a nan nake da ja. Muna cewa mai rai ba ya rasa motsi, gaskiya ne, amma maganar ba ta juyuwa. Ba kowane mai motsi ke da rai ba. Ƙwayar da fitila ke tasa, fitila ke kwantarwa, ba ta jin yunwa, ba ta haihuwa, ba ta mutuwa. Masana ma suna da irin raunin da muke da shi: da sun ga abu ya taru ya watse da kansa, sai bakinsu ya kai ga kalmar da ta fi abin nauyi.

Mutanen Adar ba sa bukatar zuwa Jamus don su ga masu tuƙa kansu sun zama curi. Sun ga farin ɗango. A rubuce "fari" na rashin ruwa da "fari" jam'in fara duk ɗaya ne, sai a baki ake rarrabe su, kuma a 2004 duka biyun suka sauka tare. Damina ta yanke da wuri, fara ta kwararo daga arewa ta faɗa wa gonaki da makiyaya. A 2005 jihohin Tawa da Maraɗi suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Keita. Waɗanda suka manyanta sun kuma tuna farar 1988.

Farar hamada a asalinta ba mai son jama'a ba ce. Ita kaɗai take rayuwa, launinta ya saje da ciyawa da ƙasa, da dare take tashi, idan ta hangi 'yar'uwarta kauce mata take yi. Bambancinta da farar da ke rufe rana ya kai har masana sun daɗe suna ɗaukar irin waɗannan kamanni biyu a matsayin jinsi biyu, sai a 1921 Boris Uvarov ya nuna cewa fara ɗaya ce ke sauya hali da kama. Abin yana somawa ne da alheri. Ruwa ya sauka sosai a Tamesna da gefen duwatsun Ayar, ciyawa ta fito, fara ta yi ƙwai ta hayayyafa. Sai ƙasa ta soma bushewa, kore ya riƙa tsukewa yana komawa 'yan tsibirai a cikin kwari. Masu gudun juna suka sami kansu a kan ganye ɗaya. Stephen Simpson da abokan aikinsa a Ingila sun gano a 2001 cewa gogar cinyar baya ce babban mabuɗi: ko da ɗan burushi aka riƙa shafa wa fara wannan wuri, cikin 'yan sa'o'i sai ta daina gudun 'yan'uwanta ta koma neman su. A 2009 aka gano sinadarin serotonin ne ke ƙaruwa kusan ninki uku a jijiyoyinta lokacin wannan juyi. Daga nan launi ya biyo baya. Ɗangon da ba shi da fiffike ya zama baƙi da rawaya, wanda ya yi fiffike ya fito ja-ja, idan ya balaga ya koma rawaya.

A nan fara ta rabu da ƙwallayen Jamus. Ƙwallo yadda ya shiga curi haka yake fita. Fara kuwa cunkoso ne ya kawo ta, amma cunkoson ya sake mata hali, har ta koma mai neman abin da da take gudu. Ta shiga a matsayin wadda aka matsa, ta fito a matsayin 'yar taro. Ban san wata kalma guda da ta ɗauki wannan tafiya daga farkonta zuwa ƙarshenta ba, kuma ina ganin rashin kalmar yana da nasa sakamako, domin mu sai abin ya zama gajimare a samaniya muke ba shi suna. A lokacin kuwa murabba'in kilomita ɗaya na iya ɗaukar fara miliyan 40 zuwa 80, kowace tana cin kwatankwacin nauyinta, wajen giram 2, a yini, iska kuma na iya kai su kilomita 150 kafin rana ta faɗi. Cibiyar yaƙi da farin ɗango ta ƙasa, mai sansani a Agadas, shi ya sa take tura ma'aikata cikin hamada tun damina, suna neman ɗango tun yana ƙasa, tun bai san yana son jama'a ba.

Kada kuma a ɗauka zaman lafiya ake yi a cikin rundunar. A 2006 Jerome Buhl da Iain Couzin da abokansu sun sa ɗango a wani zagayayyen fage, suna ƙara yawansa kaɗan-kaɗan. Yana kaɗan kowa harkarsa yake yi, da ya haura 70 a murabba'in mita sai duk suka ɗauki hanya ɗaya ba juyawa. An daɗe ana kafa hujja da wannan cewa dokar Vicsek ce ke aiki a jikin fara. Bayan shekara biyu aka gano wani abu mai ɗaci: ɗango yana cin ɗan'uwansa, wanda ya tsaya na baya ya cije shi, don haka tafiyar akwai gudun baki a cikinta. Sai kuma a 2025 ɗakin binciken Couzin ɗin kansa, a Konstanz ta Jamus, ya fitar da sakamakon da ya rushe tsohuwar fassara. Sun sa fara a cikin duniyar hoto ta kwamfuta, suka ga ba daidaita fuska take yi da maƙwabta ba, bin wadda ta hango take yi, tana zaɓa da idonta da ƙwaƙwalwarta. Mai kallo daga nesa zai rantse akwai sarki a gaba yana ba da umarni. Babu shi. Akwai dai miliyoyin 'yan kai, kowa na bin wani, kowa na tsoron na baya.

Wannan gyara na 2025 ya kamata ya zama birki ga duk wanda ya ɗauki lissafin ƙwayoyi ya nufi mutane da shi. Idan fara ma ta fi ƙarfin a kira ta ɗigo, ina ga ɗan Adam? Duk da haka akwai iyakar da idan cunkoso ya kai, mutum yakan rasa ikon ƙafarsa, kuma alhazanmu sun san wurin. Ranar 12 ga Janairun 2006 mutum sama da 340 suka rasu a mashigar gadar jifan Shaiɗan a Mina. Dirk Helbing da abokan aikinsa sun zauna da hotunan bidiyon ranar, suka ga matakai uku. Da farko jama'a na tafiya sumul. Da suka ƙara yawa sai tafiyar ta koma a taka a tsaya, a taka a tsaya. Daga nan sai matsi ya riƙa yawo a cikin jama'a yana jefa mutane gefe da gefe ba da son ransu ba, wanda ya faɗi kuma ba ya samun tashi. Ba gudu ake yi ba, babu ma wurin gudun. Gyaran da aka yi bayan nan na gini ne da tsari: gada mai hawa-hawa, hanyar shiga daban ta fita daban, kowace tawaga da lokacinta.

Mu kuwa a rediyo kalma ɗaya muke da ita, turmutsutsu, kuma da an faɗe ta mai saurare ya riga ya yanke hukunci: mutane ne marasa haƙuri, masu haɗama, suka tattake juna. Haka aka yi ta faɗa bayan abin da ya faru a Mina a 2015, inda 'yan Nijar da 'yan Najeriya da dama suka rasu. Haka aka faɗa a watan Fabrairun 2020 a Difa, inda kimanin mutum 20, yawancinsu mata da yara, suka mutu a wurin rabon tallafi. Kalmar tana ɗora laifi a kan hali, alhali na bayan layi bai ma san an faɗi a gaba ba, taku ɗaya kawai ya ƙara don ya ga an ɗan matsa. Idan muka kira abin taro, sai mu tafi neman wanda ya zuga. Idan muka kira shi rashin tarbiyya, sai mu ɗauko bulala, bulala kuwa sauri take ƙarawa, mun kuma ga abin da sauri ke haifarwa. Sunansa cunkoso, kuma ana auna shi: mutum nawa ne a kan murabba'in mita, ƙofa nawa, faɗinta nawa, masu shiga da masu fita suna karo ko ba sa yi.

Inda mutum ya fi ƙwallon gawayi da ɗango shi ne yana da kunne. Ana iya gaya masa tun da wuri cewa buhunan sun isa kowa, ana iya ba shi lamba da lokaci, ya zauna a inuwa har a kira unguwarsu. Don haka ga masu shirya rabon zakka da na tallafi, da masu kula da kasuwanni da tashoshi a Madawa da Buza da Keita da sauran garuruwanmu: kada a tara jama'a a bayan rufaffiyar ƙofa guda sannan a buɗe ta lokaci ɗaya. A ware hanyar shiga da ta fita, a kira mutane rukuni-rukuni, a sa tsofaffi da masu goyo a gaba, kuma a tsayar da wani a wuri mai tudu wanda zai iya ganin gaban layi da bayansa ya ce a dakata.